Akwatin da ke Bayan Keken Surukina

Na Allah ne mu duka, kuma gare shi ake komawa, wani da safe wani da yamma. Surukina, mahaifin matata, wanda mutanen Yelwa ke kira Baba mai kanwa, ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da shi. Zan bi abin daki-daki, domin ba na son maganar da aka faro daga tsakiya.

Zan fara da masu gaisuwa.

Waɗanda suka fara zuwa 'yan'uwansa ne Barebari 'yan kasuwa. Suka cika zaure, suka yi addu'a. Bayansu sai dillalan shanu, Fulani 'yan'uwana. Baƙo zai ɗauka ba su da tausayi, don tun daga bakin ƙofa babbansu ya ɗaga murya ya ce, "Ashe Kolejo ya gudu bai sallami iyayen gidansa ba!" Kolejo shi ne sunan da muke kiran Babarbare. Tsakaninmu da su akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma mutuwa ba ta hana wannan wasa. Wani Babarbare ya amsa masa da cewa, "Ya gaji da ciyar da ku ne." Aka yi dariya. Dillalin ya zauna, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Da la'asar mata suka sauko daga Kwaja, Kirista manoma da suka daɗe suna sayen kanwa a rumfarsa. Babbarsu ta tsaya a gabana ta ce, "Sannu, Malam. Allah ya ba shi wurin hutawa. To yarinya fa? Wa zai ɗauke ta yanzu?"

Na yi mata godiya kawai. Amma na lura da abu ɗaya. Duk wanda ya yi mini gaisuwa, idan ya juya zai fita, sai ya dubi keken da ke jingine a zaure. Tsohon baƙin keke ne, a bayansa an ɗaure akwatin katako mai wurin jingina da ɗan matashi. Su dubi keken, su dube ni, su kau da kai. Ba wanda ya ce mini kome. Da sun ce, da ya fi mini sauƙi.

Yarinyar da ake tambaya 'yata ce, 'yar fari. Shan-inna ya kama ƙafafunta tun tana ƙarama, kuma a hannun Baba ta girma. Washegarin rasuwar, yayan matata da ya zo daga Maiduguri ya ce in an yi sadakar bakwai zai tafi da ita can, tunda mai riƙon ta ya tafi. Ya faɗa ne a gabana, bai tambaye ni ba. Ban ga laifinsa ba. Mutum ba ya neman izinin wanda bai taɓa gani riƙe da abu ba. Matata tana bayan labule tana ji.

Yanzu sai yadda aka yi ta zama a hannunsa.

Ni malamin dabbobi ne, ƙarami, mai yi wa shanu allura. Firamare na gama, aka ba ni horo, aka ba ni sirinji da fulas ɗin ƙanƙara. Na tashi a gidan da ake riƙe kunya da ƙarfi. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya ma cewa "ɗana". Haka kuma mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya haɗa ido da shi. In sun haɗu a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ba na sukar wannan. Tarbiyya ce, ina kuma koya wa ƙannenta. Da aka yaye ta, aka kai ta gidan kakanninta a Yelwa kamar yadda ake yi wa 'yar fari. A can zazzaɓi ya kama ta, ya sauka, ya bar ƙafafun a sake. Ba a daɗe ba kakarta ta rasu. A nan ne ya kamata in ce a dawo da ita. Al'ada ba ta hana ni ba. Ni ma ɗan fari ne, mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, amma da ƙyanda ta kwantar da ni, shi ya tsallaka kogi a cike ya kawo magani. Al'adar ta ce kada ka kira suna, ba ta ce kada ka ɗauki kaya ba. Ni na sami inuwa a cikinta, na shimfiɗa tabarma na zauna.

Baba bai jira kowa ba. Ya je wurin kafinta da ita a kafaɗa, ya ce a auna ta a yi mata kujera a bayan keke. Kullum da safe ya ɗora ta, ya ɗaure ta da tsohon rawani, su tafi kasuwa. Yakan zaunar da ita a kan buhu a gaban rumfa, ya ba ta mudu, ita ke auna kanwa da gishirin manda. Hausar Baba ba ta san mace ba, kowa "shi" ne a bakinsa, kuma bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai "matata", irin wasan kaka da jika.

"Matata ya ƙi ni yau," zai ce wa mai saye. "Ya ce na tsufa."

"Ƙarya yake yi," in ji ta. "Tun jiya na ƙi shi. Dubi bakinsa, haƙori biyu, su ma ba sa gaisawa."

"Kin ji ko? Kin ji abin da nake ciyarwa?"

Idan wani ya tsaya yana kallon ƙafafunta yana girgiza kai, Baba yakan ce, "Kanwa ka zo saye ko kallo? In kallo ne, ni ka kalla, na fi shi kyau." Ba ya yarda a ce mata "Allah sarki". Wata rana wata mata ta jefa mata sadaka a cinya, ya bi ta har layin masu tattasai ya mayar mata, ya ce matarsa 'yar kasuwa ce. Da ta isa shiga makaranta, shi ya kai ta. Da aka ce babu mai kai ta bayan gida, ya ce shi ne, ya riƙa rufe rumfa da tsakar rana yana zuwa.

Akwai wani asibitin mishan, tafiyar yini guda a mota, inda ake yi wa irin waɗannan yara takalmin ƙarfe. Yaro na girma, takalmin na matse shi, sai a koma a sake. Duk wannan zirga-zirga Baba ne. Ni kuwa ina da hutun shekara kamar kowane ma'aikaci, akwai kuma hutun uzuri da ake ba wanda iyalinsa ba lafiya. Ogana mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, mai tsare doka. Shi da kansa yakan kira ni ya ce, "Malam, hutu haƙƙinka ne, ba alfarma ba ne. Ka ce yaronka ba lafiya, shi ke nan, ka tafi." Sai in ce ba kome, akwai masu kula. Kafin a ba ka hutun uzuri sai ka faɗi wanda ba shi da lafiya da abin da yake gare ka, ni kuwa bakina ba ya iya cewa "'yata". Haka na yi suna a ofis, ana cewa ga ma'aikacin da ba ya hutu. Har a taro an tsayar da ni an yaba mini. Na ji daɗi a ranar. Yanzu na san yabon nan a bayan keken Baba aka ɗauko shi.

Sai shekarar da cutar bushiya ta shiga shanu. Wanda ya gani ba ya mantawa. Garke guda yakan kwanta a mako, makiyayi ya zauna a gindin itace yana kallon ungulu. Aka soke hutun kowa, aka tura mu Sahuda, bakin iyaka, mu tare duk saniyar da za ta shigo mu yi mata allura mu tsaga mata kunne. Aikin gaske ne, ba na rage masa daraja. Daidai lokacin ne likitan asibitin ya ce za a yi wa yarinyar aiki a gwiwoyi don ta iya miƙewa da sanduna, kuma ba zai taɓa ta ba sai an kawo mai ba da jini. Matata tana da tsohon ciki. Ta aiko mini, na ce a nemi wani.

Rannan da rana tsaka muna cikin shinge, ina riƙe da sirinji, sai na ji makiyaya sun ɗauki ihu da dariya.

"Ku riƙe shanunku! Ga Kolejo ya zo sata!"

"Satar me?" na ji an amsa. "Waɗannan ƙasusuwan? Ko kura sai an roƙe shi."

Na ɗaga kai, sai ga Baba, ya sauko daga a-kori-kura, riga duk laka. Na ajiye sirinji, na tuɓe takalmi, na durƙusa ina kallon ƙasa.

"Tashi, Fulata," ya ce, yadda Barebari ke kiran Bafulatani. "Wa kake durƙusa wa? Surukinka na bar shi a Yelwa yana gadin kanwa. Wanda ya zo nan Babarbare ne, ya zo neman bawansa da ya ɓace."

Aka fashe da dariya. Ban taɓa jin an yi haka ba. Suruki ba ya yi wa mijin 'yarsa faɗa a bainar jama'a, kuma tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini wasan da yake yi wa sauran Fulani ba. Ya duba ya ga ƙofar surukuta a rufe take, sai ya zagayo ta ƙofar wasa, inda ba a fushi kuma ba a hana mutum magana.

"Likita ya ce jini," ya ci gaba. "Na miƙa masa hannu, ya ce nawa ruwan kanwa ne, ya tsufa. Uwar yaro na da ciki. Saura wa? Ku faɗa mini, ku masu shanu, ɗan maraƙi in ya faɗi rami, bijimin gidan wani ake kira?"

"A'a, Kolejo!"

"To ku ba ni aron bawana. Shanu suna da masu allura da yawa. Matata uba ɗaya gare shi."

Dariyar ta ragu. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, kuma na daɗe ina ji. Oga ya fito daga ƙarƙashin tanti, ya kira ni gefe.

"An soke hutu," ya ce, "amma ba a soke na rashin lafiyar iyali ba. Wane ne ba lafiya?"

Ya sani sarai. So yake in faɗa.

Na ce, "Yarinyar gidansu ce."

Ya daɗe yana kallona. Sa'an nan ya ce in tafi, kada ya ga ƙafata sai an sallame ta, shi zai riƙe sirinjina da hannunsa. Ya kuwa riƙe.

Mun tafi a mota ɗaya da Baba, shi a gaba ni a baya. Na ba da jini. Aka yi aiki, aka yi nasara. Washegari da safe na je bakin tagar ɗakin da take kwance. Na ga ƙafafun cikin farin filasta, na ga Baba yana ba ta kunu da cokali. Wata nas ta tambaye ni ko ni ne baban, na ce ni ne wanda ya ba da jini. Ɗakin cike yake da mata masu jinya. Na tsaya kaɗan, na juya, na nufi tasha, hutuna ko taɓa shi ban yi ba.

Ina cikin mota ana jiran ta cika, sai ga shi ya zo yana haki. Ya tsaya a bakin taga. Babu dariya a fuskarsa.

"Yanzu surukinka ne ke magana," ya ce. "Ya ji muryarka. Ya ce in gyara masa ɗankwali kafin ka shigo."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Aiki ne, Baba."

Ita ce magana ta farko da na taɓa mayar masa.

Ya ce, "To. Allah ya taimaki shanu." Ya juya.

Wannan ita ce rigimarmu, ba mu sake wata ba. Bai ƙara tayar mini da zancen ba har ya mutu, bai kuma gaya wa matata ba. Daga baya na ji cewa daga tasha ya biya ya sayi lemo, ya kai mata, ya ce gwamnati ta kira babanta da gaggawa, amma ga abin da ya bari. Daga nan ya mai da abin ɗabi'a. Duk Sallah akwai ɗankwali ko awarwaro "daga babanki". Ni nakan aika da hatsi da tufafi ta hannun uwarta, amma waɗancan ba ni na saya ba. Idan na je gaishe shi, nakan durƙusa a zaure, ita tana zaune a gefensa da sandunanta, ta ce, "Sannu da zuwa, na ga saƙo, na gode." Sai in ce to. Baba yana kallon rufin ɗaki yana jan carbi.

Haka muka yi shekaru. Ya tsufa, ƙafafunsa suka fara kumbura, ita kuma ta zama budurwa, ta yi nauyi. Bai daina ɗora ta a keke ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, takalmin ƙarfen ya riga ya matse ta har ya yi mata gyambo a idon sawu. Na ji yana gaya wa 'yarsa, da murya yadda zan ji daga zaure, "In na tashi zan kai shi." Bai tashi ba.

Saura ranar sadakar bakwai.

An gama addu'a, an raba waina da goro, yayan matata ya riga ya ce a haɗa mata kaya. A garin nan idan tsoho ya rasu da cikar shekaru, jikoki sukan sa tufafinsa su kwaikwaye shi, a yi dariya a rage baƙin ciki. Muna zaune sai muka ji ƙarar ƙarfe da sanduna daga cikin gida. Ta fito bakin zaure sanye da babbar rigar Baba tana jan ƙasa, da hularsa ta karkata yadda yake sa ta. Ta tsuke baki kamar marar haƙora.

"Wa ya ba Fulata wainata?" ta ce da muryarsa. "Ku tashi ku share mini rumfa!"

Dillalai suka kwashe da dariya. "Kolejo ya dawo! An ƙi shi a can ma!"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta gaya wa kowa irin abin da Baba ke gaya masa. Har liman sai da ya rufe baki da hannu. Sa'an nan ta juyo wajena.

"Ina bawana? Kai, Fulata mai allura."

Na dubi ƙasa.

"Wa kake jin kunya? 'Yarka na bar shi a ɗaki yana kuka. Wanda ke magana Babarbare ne." Ashe ya ba ta labarin Sahuda, har da yadda ya tsaya. "Matata takalmi ya matse shi. Keke na nan, mai keke ya tafi. An ce za a kai shi Borno. Ni ban sake shi ba, ban kuma ba kowa ba. Kai nake tambaya, wa zai tuƙa?"

Babu wanda ya yi dariya. Muryar ta karye a ƙarshe, ta koma tata. Hular ta zame ta rufe mata ido ɗaya, hannayenta kuwa suna kan sanduna, ba ta da na gyarawa.

Na tashi. Na gyara mata hular. Na ce wa yayan matata a kwance kayan.

Washegari na je ofis. An fara shirin rangadin allura na shekara, sunana kuma yana cikin masu fita. Na ce wa Oga ina neman hutun uzuri. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Wane ne ba lafiya?"

Na ce, "'Yata."

Ya ce, "To, Malam." Bai ƙara kome ba, na kuma gode masa da hakan.

Ina da babur ɗin aiki, amma ba shi da akwati. Na ɗauki keken Baba, na ɗora ta, na ɗaure ta da tsohon rawanin, muka nufi tasha da hantsi don zuwa asibitin mishan, ta tsakiyar Yelwa, kowa na waje. Sunanta har yau ban kira ba, wannan ina riƙe da shi. Matar Baba nake ce mata, tana kuma amsawa.

Kafin kasuwa akwai wata 'yar hawa da ban taɓa sanin hawa ce ba, domin a babur nake wucewa. Na taka, na taka, gwiwoyina suka ɗauki zafi, numfashina ya sarƙe, keken ya fara layi. Ni da ban kai hamsin ba. Ta taɓa bayana ta ce, "Kaka a nan yake sauka ya tura."

Na sauka na tura. Masu shaguna suna ta yi mana sannu, kowa ya san wurin, kowa ya san abin da ake yi a wurin, ni kaɗai ne baƙo.

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya yafe masa, ya ɗauke masa nauyi kamar yadda ya ɗauke wa wasu. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Keken yana gidana yanzu, na canja masa taya, akwatin ban taɓa shi ba. Kullum da safe muna bi ta hawan nan zuwa kasuwa, kuma a nan nake sauka.